Tambaya da Amsa: Ciyaman zai gan mu sati mai zuwa, mi za mu roƙa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ɗiya biyar gare ni, ina zaune wata unguwa nan yankin Daura, kuma ni ce sakatariyar ƙungiyar matan unguwarmu. Kansilanmu ya samo mamu ganin ciyaman sati mai zuwa. Tun da aka faɗa hankalina bai kwanta ba, don mafi yawan matan sun ce a roƙi jari da keken ɗinki da shinkafa, ni ko abin da ke hana ni barci ajin ɗiyata ne da iska ta yaye ma kwano tun bara, ga kwatar bakin layinmu ta cushe, ko ruwan awa ɗaya aka yi sai ya shigo mamu ɗaki. Wata ta ce mani kar in ɓata mamu dama, makaranta ta gwamna ce, ba ruwan ciyaman. Dan Allah wanne za mu sa gaba? Ina tsoron mu dawo hannu rabbana a ce ni na jawo.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Ki kwantar da hankalinki, abin da ke hana ki barci shi ne daidai, ki sa kwanon aji da kwata gaba. Shekaru masu yawa na yi ina aiki sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen tsare-tsare da kasafi, kafin in aje, kuma wannan rabuwar kai da kika faɗa na gan ta ba adadi.

Wadda ta ce maki ba ruwan ciyaman da makaranta ba ta faɗi daidai ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa ƙaramar hukuma cikin masu ɗaukar nauyin ilimin firamare da na manya da koyon sana'a da kiwon lafiya da noma, sannan kwata da kwalbati da kwashe bola da kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta duk aikinta ne kai tsaye. Gaskiya ne babban gini, kamar sabon bulo na ajujuwa, yawanci ta hannun SUBEB, wato hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, yake biyowa da kuɗin haɗin gwiwa na UBEC, takwararta ta tarayya, amma maida kwanon da iska ta yaye, da benci, da ban ɗaki, wannan bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba ko kaɗan, kuma ko abin da ya fi ƙarfinta ai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumar ne ke kai rahotonshi sama. In ba wanda ya rubuta, sama ba su san iska ta yi ɓarna ba.

Tau amma ba wannan ba ce babbar matsalar. Babbar matsalar ita ce abin da ke cikin kan sauran matan, kuma ba su kaɗai ba, har maza masu digiri, wato ɗaukar da aka yi ma ciyaman cewa shi mai rabo ne, kuɗin ƙaramar hukuma kuma wani abu ne kamar ganima, in watan ya ƙare kaso ya shigo kowa ya je ya yagi rabonshi. Wallahi Hajiya wannan fahimta ta kashe ƙananan hukumomi fiye da yadda mutane ke zato. Na sha zuwa ofis da safe in iske gindin bedin da ke ƙofar sakatariya ya cika maƙil, wannan riƙe da katin asibiti, wancan da katin ɗaurin aure, wani matarshi ta haihu ba ragon suna, wani babur ɗinshi ya lalace, kowa na jiran motar ciyaman ta shigo, kuma cikinsu duka da wuya ki samu mutum ɗaya da ya zo da takardar rijiyar garinsu ko ta asibitin sha ka tafi da ba ma'aikaci. Ba zagin talaka nike ba, na san yunwa, na san abin da buhun masara ya kai. Amma ki duba abin da ke biyo baya. Ciyaman ɗin da ya gane dubu biyar biyar cikin ambulan ta isa a yi mashi kirari a ce mai alheri ne, mi zai kai shi wahalar kwalbati? Ya raba ma mutum ɗari biyu kuɗin cefane, an ɗauki hoto an sa Facebook, sojojin baka sun hau rediyo sun wanke shi tas, shi ke nan ya gama aikin wata. Wanda ko ya ce zai tara kuɗin ya yi magudanar ruwa sai a ce marowaci ne, hannunshi ba ya buɗewa, ba a sake zaɓenshi. Mu da kanmu muka koya masu wanne ya fi riba.

Kuma rabon nan da kuke shirin roƙo, ki tambayi kanki wa ke samu. Keke ashirin za a ba unguwa mai mata ɗari biyar. Lissafin sunaye hannun 'yan jam'iyya zai biyo, shugabar mata ta sa ƙanwarta da kishiyar ɗiyarta, wadda ba ta iya ko zare allura ba ta karɓi keke ranar kasuwa ta saida shi rabin kuɗi, bazawarar da ke riƙe da marayu huɗu ba ta ma ji an yi ba, makauniyar bayan masallaci ba mai tuna ta, matan rugar Fulani da ke bayan gari ba su cikin lissafi tun asali. Daga nan ƙungiyarku ta watse, gaba ta shiga tsakanin maƙwabta. Na ga ƙungiyoyin mata masu kyau da rabon atamfa ya kashe. Shi ko aji in aka rufa shi, ɗiyarki da ɗiyar wadda ta zaɓi wata jam'iyya da ɗan bafulatanin nan duk inuwa ɗaya za su shiga, kuma bana da baɗi da baɗin waccan. In ana maganar adalci a ƙaramar hukuma tau nan yake, ba wurin layin karɓar shinkafa ba.

Sai ɗaya uzurin da za a kawo maku, ki shirya mashi tun yanzu: ba kuɗi, komi na hannun jiha. Akwai gaskiya ciki, shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma albashin malaman firamare da ma'aikata na cin kaso mai yawa. Amma ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kashi 20.6 cikin ɗari suke da shi a asusun tarayya, namu 34 na jihar Katsina na ciki, kuma abin da aka ware ma kowace duk wata ana wallafa shi a intanet, ki sa ɗanki ko ƙanenki ya duba maki a waya kafin ku tafi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyansu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa doka. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, wannan ba ɓoyayye ba ne, amma ko a haka ba wanda zai ce mani ba a iya sayen bandir ɗin kwano da katako da ƙusa, ko a ɗauki lebura goma su yashe kwata kwana biyu. Ga kuɗin shiga na kasuwa da tasha ana karɓa kullum.

Maganar kwata kar ki bari a raina ta. Mutanen Jibiya ba su manta ambaliyar damunar 2018 ba, rayuka da gidaje da dabbobi suka salwanta dare ɗaya. Ba sai ta kai haka ba ma, ruwan da ke kwanciya bakin layi shi ne sauro, shi ne zazzaɓin da ke cinye kuɗin da kuke roƙo a matsayin jari, shi ne ke jiƙa gindin katangar ƙasa har ta faɗo ma yara cikin dare. Kuma yasar kwata da rani ake yinta, ba sai hadari ya haɗo ba. Nan kuma ku ma da laifinku, ledar fiya wata da tokar murhu da sharar gida ba ciyaman ke zuba su ciki ba. Ku roƙi a ware maku wurin zuba shara da ranar kwashewa, ku kuma ku ɗau alkawarin tsare layin.

Yadda za ku yi ranar: kar ku je da baki kawai. Takarda ɗaya, shafi ɗaya, buƙata biyu ko uku, kar ta wuce. A rubuta sunan makaranta, aji nawa, yara nawa ke ciki, yaushe iska ta yaye shi, hedimasta da shugaban kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da al'umma mai kula da makaranta, su sa hannu, mai unguwa ya sa, in dagaci zai sa ya fi. Ku haɗa da hoto. In makarantar ba ta da ban ɗakin mata daban ki saka shi, don na san 'yan mata da yawa da wannan kaɗai ya zaunar da su gida da sun fara girma, iyaye ba su faɗa, sai dai a ga yarinya ta daina zuwa. Ku yi kwafi uku, a buga maku hatimin karɓa da kwanan wata bisa naku, ɗaya ku ba kansila, ɗaya ku kai ofishin sakataren ilimi. Wannan hatimin kar ki fito ba shi, don na san halin ofisoshinmu, a ce ku dawo gobe, gobe a ce mai makullin ya tafi Katsina, jibi a ce fayil ɗin bai sauko ba, an rubuta KIV bisa, wato a aje sai wani lokaci, an jefa durowa, wata uku a ce ba a taɓa ganin takardarku ba. Kuma duk wanda ya tare ku bakin ƙofa ya ce ku kawo na goro shi zai shigar maku da ita, ɗan damfara ne, kai koke ba a biyan ko sisi. Ku tambayi ciyaman baki da baki: za a yi daga kuɗin gyare-gyare na bana, ko sai an sa cikin kasafin baɗi? In kasafi ne tau kansilanku shi ke da kujera a majalisar da ke amincewa da shi, ku riƙe shi da kyau kafin ƙarshen shekara.

Su kuma 'yan uwanki mata kar ki yi faɗa da su, buƙatarsu gaskiya ce. Ki ce masu in jari ake so a roƙi ajin koyon sana'a da na yaƙi da jahilci mai malama da albashi, wanda kowace mace za ta shiga ba sai an rubuta sunanta ba, wannan ma aikin ƙaramar hukuma ne a rubuce. Kuma ku ji tsoron Allah ku duka, shugabanci amana ne, za a tambayi ciyaman, amma ku ma da aka ba bakin magana a madadin unguwa za a tambaye ku, yaran nan da ke zaune rana na dukansu ba su da kansila, ba su da ƙuri'a, ku ne bakinsu. Ranar da kuka shiga ofishin nan kuka fito da atamfa kuka bar su ba rufi, haƙƙinsu na wuyanku.

Bayan sati uku ku koma da kwafin nan mai hatimi, ku biyar ko shida, ba ke kaɗai ba. In an ce ba ya nan ku tambayi ranar da yake zama ofis, ku rubuta, ku dawo ranar.