Dashen tsirran ruwa a kududdufi

Ka ce kududdufinka ba na siminti ba ne, ƙasansa laka ce, kuma sanyin wurinku ba ya daskarar da ruwa, kana tambayar me za ka dasa. Malam, fara da bado. Jira sanyi ya wuce, ruwa ya soma ɗumi, sannan ka nemi gefen da rana ke bugawa aƙalla awa 6, don bado ba ya fure a inuwa.

Kada ka cusa shi cikin laka kai tsaye. Cika kwando da yumɓu, ka kwantar da saiwar, kan tohon yana leƙe, ka rufe da tsakuwa kada kifi ya tone. Taki kuwa ka bar shi, shi ke sa gansakuka ta mai da ruwa kore shar. Ɗora kwandon kan bulo, ruwa ya rufe shi da kamar santimita 20, kana rage bulon yayin da ganye ke tasowa.

Kainuwa da kacala, don Allah ka yi nesa da su. Kafin ka ankara sun cinye kududdufin, fitar da su kuma aiki ne ja. In ganyen bado ya wuce rabin fuskar ruwa, sai ka rage.