Amsa ga 'yar'uwar da kwalabenta suka ƙi fitar da metan

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce wata uku ke nan da kika narkar da daskararriyar ƙasar Saiberiya a kwalabe marasa iska, kabon dayoksaid na fitowa amma iskar gas ta metan shiru, har kina zargin kin ɓata samfurin. Don girman Allah kada ki zubar da su.

Ni ma na sha wannan baƙin cikin. Sufabaizana, malamin da ke duba bincikena, a gaban ɗalibai ya ɗaga kwalbata sama, ya girgiza ta, ya ce wanda bai iya toshe kwalba ba me ya kawo shi digiri na uku. Aka yi dariya. Ko murfin bai duba ba, ko takardar awon da na miƙa masa bai karɓa ba. Washegari na tarar an kwashe rabin kwalabena an wanke. Biyu na ɓoye a bayan firji, kuma su ne daga baya suka soma ba da metan. Har yau bai ce min uffan ba, mutumin da ko gaisuwata ba ya amsawa sai yana son aiki.

Ƙwayoyin da ke yin metan 'yan kaɗan ne a ƙasar da ta shekara dubbai a daskare, kuma ba sa gaggawar farfaɗowa. A wasu gwaje-gwajen sai an wuce shekara kafin a ga wani abu. In ƙasar da ke cikin kwalabenki na da sinadarin ƙarfe, bakteriya masu numfashi da shi su ke fara cinye abincin, sai sun gama 'yan metan su samu wuri. Ki auna ƙarfen. Ki ƙara busa naitirojin a kwalaben don korar oksijin, ki duba roban murfin, don yawan huda shi da allura na sa oksijin ya kutsa, shi kuwa yana hana 'yan metan aiki.

Ki karanta aikin da aka yi a fadamar Stordalen kusa da Abisko a Suwidin, inda metan ya fi tashi a wuraren da suka narke suka cika da ruwa. Kabon da ke kwance a irin wannan ƙasa ya kai wajen tan biliyan 1,500, kusan ninki biyu na wanda ke sararin sama, amma mutum ya wanke kwalba saboda fushi!

Af, ki riƙa sa safar hannu. A 2016 cutar antaraks ta ɓulla a yankin Yamal na Saiberiya lokacin wani zafi da ya narkar da irin wannan ƙasa, ta kashe yaro da barewar ƙanƙara sama da 2,000. Kuma ki rubuta komai da kwanan wata, ki ajiye kwafi a wayarki.

A wane ma'aunin zafi kika ajiye su? In digiri 4 na Selsiyos ne, ki ware kaɗan ki kai su 15 ki gani.