Amsa ga ƙanwar da za ta fara ɗibar jinin ɓera a sitaj, wato wurin koyon aiki

Salamu alaikum ƙanwata. Na ga tambayarki, kin ce mako mai zuwa za a sa ku ɗibar jinin ɓerayen labo, kina son sanin ta ina ake ɗiba da kuma nawa, ga shi tun yanzu hannunki na rawa. Ni ma na bi ta nan, a Maradin nan, lokacin da nake aikin memuwar, wato binciken kammala karatu, kan ganyen zogale da ciwon sukari, da fararen ɓerayen nan Wistar.

Kafin maganar allura, ki saba da ɓeran tukuna. Ki roƙi mai kula da ku ya bar ki ki riƙa shiga kwana uku ko huɗu kafin ranar, ki ɗauke su da safar hannu, ki ɗora a damtsenki, ki mayar. Kada ki taɓa ɗaga shi ta ƙarshen wutsiya, fatar na iya saluɓewa. Ɓeran da ya firgita sukarin jininsa hawa yake yi, to ke da kike auna sukari kin ga aikinki ya ɓaci tun ba ki soma ba. In kika ga wani jan abu a gefen idonsa ko hancinsa, ba jini ba ne, alamar wahala ce, ki ƙyale shi ya huta.

Ranar farkona da hunturu ne, watan Janairu, da sassafe. Wutsiyar ta yi sanyi ƙalau, jijiyar ta ɓuya. Na soka sau uku ban samu ko ɗigo ba, ɓeran na kuka a hannun abokiyar aikina, wallahi har yau ina jin abin a raina. Wani dattijon ma'aikacin labo ne ya kawo ruwan ɗumi a kofi, wajen digiri 40, ya tsoma wutsiyar minti biyu zuwa uku, sai ga jijiya ta fito raɗau. Jijiyoyin da kike nema biyu ne, hagu da dama na wutsiya. Ta ƙasa a tsakiya ba ruwanki da ita. Ki fara daga wajen ƙarshen wutsiya da siririyar allura, lamba 23 ko 25, bakinta na kallon sama, kusan a kwance. In kin kuskure sai ki matsa sama kaɗan. Bayan kuskure biyu ki miƙa wa wanda ya fi ki hannu.

Batun yawa kuwa, sikeli ne zai gaya miki. Ɓera na da jini kamar mililita 64 a kowane kilo, wato mai giram 250 bai wuce mililita 16 ba duka jikinsa. Kada ki ɗibi fiye da kashi 10 cikin 100 a lokaci guda, sannan ya huta mako biyu. In sukari kawai za ki auna, ɗigo ɗaya ya ishi na'urar. Ɗiba ta bayan ido ko ta zuciya kuwa sai da maganin barci, ta zuciyar ma ɓeran ba ya tashi bayanta, ba aikin sabon hannu ba ne.

Ki rubuta lamba a jikin kwalaben tun kafin ki taɓa ɓera. Mai murfi ruwan hoda mai duhu, ta EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, ta ƙirgen ƙwayoyin jini ce, ki juya ta a hankali, kada ki girgiza, ƙwayoyin fashewa suke yi. Kin san halin wutarmu da zafin Maradi, ki tanadi kula mai riƙe sanyi da ƙanƙara a ciki, amma kada kwalbar ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye.

In kin zare allura ki danne wurin da auduga har jinin ya tsaya, ki mayar da shi keji da ruwan sha, ki sake leƙa shi da yamma. Ki faɗa mini ranar da za ku fara, in Allah ya yarda zan zo in riƙe miki na farkon.