Mai janwe ya ƙona min giya, zan iya kai shi kotu?

Tambaya: Salam Barista, Corolla ta ce otomatik ta mutu min a hanyar Zariya wajen Kwanar Dangora, na kira mai janwe ya ɗaga bayanta ya jawo ta har Kano tayoyin gaba suna ƙasa, yanzu bakanike ya ce giyabos ya ƙone, shi kuma mai janwen ya ce wai ba ruwansa tun da dama a lalace ya same ta.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya mayar da alheri. Kana da magana, don tunda ka damƙa masa motar kuma ka biya shi to ta zama amana a hannunsa, in ta samu matsala a wajensa shi ne doka ta ɗora wa ya nuna ba sakacinsa ba ne. Kuma a nan sakacin a fili yake. Corolla da tayoyin gaba take ja, in inji a kashe yake famfon man giya ba ya aiki, to a yi ta jan ta tayoyin nan suna juyawa tafiya mai nisa haka ba mai yana zagayawa ai dole giya ta ci wuta. Gaban ya kamata ya ɗaga, ko ya ɗora ta gaba ɗaya a kan motar ɗauka, duk mai wannan sana'ar ya san haka.

Inda zai kama ka shi ne wannan maganar ta "dama a lalace take". Don haka kar ka bari a kwance giyar tukuna, samo wani bakaniken daban ya duba ya rubuta me ya kashe motar tun farko, me kuma ya ƙona giyar, da kuɗin gyara. Hoto ko bidiyon yadda aka ɗaure ta, shaidar tiransifa, hirarku ta WhatsApp, duk ka adana.

Ni dai shawarata a fara da sulhu ta hannun shugabannin ƙungiyarsu, amma a rubuta nawa zai biya da yaushe ya sa hannu gaban shaidu. Da ya sa hannu ya zama bashi, in ya saɓa sai kotun ƙananan basussuka da Kano ta buɗe a 2019, can ko ba lauya za ka iya tsayawa da kanka. In ya ƙi sulhun kwata-kwata, lauya ya rubuta masa takardar neman biya sannan a shigar da ƙarar diyya a majistare.

Kar ka ce za ka sa 'yan sanda su tsare shi, sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan rikicin ciniki kawai, sai ka je ya dawo yana ƙararka. Inshora kuma in ta dubu 15 ɗin nan ce da kowa ke yi, ba ta biyan ɓarnar motarka.