Littafin kyauta ne, amma ɗalibaina ba sa ganin kansu a ciki

Tambaya: Ina koyar da ilimin zamantakewa ga 'yan shekarar farko a jami'a. Littafin da nake amfani da shi daga intanet na sauke shi kyauta, yana da kyau ƙwarai, sai dai misalansa duk na wata duniya ne. Ɗalibai suna haddacewa su ci jarrabawa, amma ba sa jin da su ake. Ina da ikon gyara shi? Zan iya sa su cikin aikin?

Amsa: Malama, kafin ki taɓa ko harafi ɗaya, nemi shafin da aka rubuta lasisi, don ba duk abin da aka samu kyauta ne aka yarda a sauya ba. Yawancin irin waɗannan littattafai suna ɗauke da lasisin Creative Commons, wanda aka fara fitarwa a 2002. Haruffan da ke jikin lasisin ne ke nuna sharuɗɗansa. In kin ga BY kaɗai, gyara son ranki, ki dai ambaci marubucin asali, ki kuma nuna kin yi sauyi. SA na nufin naki ma da irin wannan lasisin zai fita. NC ya hana kasuwanci da shi. In kuwa akwai ND, to nan kin ci birki: ba a rarraba sigar da aka sauya. Ita kanta UNESCO, a shawarar da ƙasashe suka amince da ita a 2019, ta ƙarfafa a daidaita irin waɗannan kayan karatu da harsuna da al'adun masu koyo.

Inda mutane ke zamewa shi ne su ɗauka sauya sunaye ya isa. A cire sunan baƙo a sa na gida, a ce an gama. Wannan fenti ne kawai. Ɗauki babin iyali. Idan littafin ya ɗauki uba da uwa da 'ya'ya biyu a matsayin ma'auni, ɗalibar da ta tashi a hannun kakarta cikin mutum goma sha biyar za ta karanta ta ga kamar gidansu ne ya kauce hanya, ko da sunanta ne a shafin. Ma'aunin ne ke buƙatar tambaya.

Ki fara da babi ɗaya. Raba ajin huɗu-huɗu, kowa ya ja layi ƙarƙashin jimlar da ya ji ba ta zauna masa ba, ya rubuta dalili a gefe. Sannan su kawo nasu misalin, wani rukuni ya duba ko har yanzu yana koyar da abin da babin ke son koyarwa. Ni ba na goge misalin asali, ajiye su nake kafaɗa da kafaɗa, don a wurin kwatantawar ne muhawara ke tashi. Kuma labarin mutum ɗaya ba hujja ba ce a kan al'umma guda. Wanda ya rubuta "mu haka muke yi", tambaye shi su wa ke nan, kuma daga ina ya sani.

Kada ki nuna ɗalibi da yatsa ki ce ya yi magana da yawun mutanensa. Wani ba ya so, wani ma bai sani ba.

Sai batun haƙƙi, wanda ake yawan mantawa. Abin da ɗalibi ya rubuta yana da haƙƙi a kai, kuma lasisin Creative Commons ba a janye shi bayan an bayar. Ki bayyana musu haka tun ranar farko, ki karɓi izini a rubuce, ki bar wanda ya so ya sakaya sunansa. Maki ya tsaya a kan ingancin aiki, wanda ya ƙi a wallafa nasa kada ya rasa ko ɗaya.

In kin gama, kada ki fitar da PDF kaɗai. Haɗa da fayil ɗin da ake iya gyarawa, da ɗan shafi mai nuna abin da aka sauya da shekarar, don ajin baɗi su ɗora daga inda waɗannan suka tsaya.