Tambaya da Amsa: Zaurenmu na masu bincike ya koma na gaisuwar Juma'a

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar kwamfuta, ina zaune a Tudun Wada cikin garin Gombe. Bara na buɗe zauren WhatsApp domin masu sha'awar bincike kan ƙirƙirarriyar basira a jihohin Gombe da Bauchi, kuma cikin 'yan makonni ya cika da jama'a. Yanzu ba a tura komai sai gaisuwar Juma'a da katin ɗaurin aure. In rufe shi ne, ko akwai yadda za a yi ya zama wurin aiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kada ki rufe shi, amma ki daina sa ran yawan mutane zai haifar da bincike. Abin da ya same ki shi ne abin da ke samun wanda ya kira gayya, jama'a suka hallara da fartanyoyinsu, sai aka rasa mai nuna musu gonar da za a nome. Dole su zauna a inuwa su yi ta hira. Mutanenki ba malalata ba ne, aiki ne ba a yanka musu ba.

Ki dubi yadda ƙungiyar Masakhane, ta masu bincike kan koya wa kwamfuta harsunan Afirka, ta tashi. An kafa ta a 2019, a wajen Deep Learning Indaba, taron masu binciken ƙirƙirarriyar basira na Afirka, da aka yi a Nairobi ta ƙasar Kenya, kuma sunanta a harshen Zulu yana nufin "mu gina tare". Aiki ɗaya suka sa a gaba tun farko, wato koya wa kwamfuta fassara daga Ingilishi zuwa harsunan Afirka, kowa ya ɗauki harshensa, ya bi tsarin da aka shirya, ya ajiye sakamakonsa a GitHub, shafin intanet na ajiye aikin manhaja, inda kowa zai gani. A 2021 suka fitar da tarin bayanai na MasakhaNER a harsuna 10, har da Hausa, domin na'ura ta iya gane sunan mutum da na gari da na hukuma a cikin rubutu. A gida ma, a 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, inda aka tantance saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka gwargwadon yabo ko suka ko tsaka-tsaki. Shawarata ta farko ita ce ki shiga Masakhane da ƙungiyar HausaNLP, mai koya wa kwamfuta harshen Hausa, ki ga yadda suke raba aiki, tun kafin ki sake yi wa naki zauren garambawul.

Gonar kuwa tana bakin ƙofarku. Yawancin Hausar da na'urori suka koya daga jaridu da gidajen rediyo take, wato daidaitacciyar Hausa mai tushe a karin Kano, alhali Bausanci da Guddiranci suna da kalmomi da lafazi na kansu. Ga Tangale da Waja da Tera da Bolanci da Sayanci, waɗanda rubutunsu a intanet bai taka kara ya karya ba, ga kuma Fulfulden Gombe. Mai bincike a Amurka ko Ingila yana da kwamfuta mai ƙarfi, amma ba shi da kaka a Kaltungo ko Ɓogoro da za ta zauna ta ba shi tatsuniya. Ki zaɓi harshe ɗaya, ki nemi mutum biyar ko shida daga zauren, ku yanke cewa cikin wata uku za ku naɗi muryoyi ku rubuta abin da aka faɗa, da izinin masu maganar, bayan an bayyana musu da harshensu inda muryar za ta je. Lallai a cikinku a sami masanin harshe, domin ɗan kwamfuta shi kaɗai yakan tara rubutun da ba a bambanta "ƙ" da "k" ba, aikin ya lalace tun daga tushe. Ku haɗa da masu bincike na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Jami'ar Jihar Gombe da na Jami'ar Tarayya ta Kashere, ku riƙa ganawa awa ɗaya a mako ta murya kawai saboda tsadar data, a lokacin da matan aure ma za su iya halarta.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne maganar suna. Na ga zumunci ya ɓaci saboda ɗalibai sun kwana suna rubuta jimloli, da maƙala ta fito sai aka ga sunayen manya kaɗai. Tun ranar farko ku rubuta wanda sunansa zai hau da kuma dalili, har mai fassara da mai tattaro murya, kowa ya amince. Babban zauren kuma ki bar shi da gaisuwarsa, ki riƙa sanar da su abin da kuka kammala duk ƙarshen wata. Daga nan masu niyya za su fito da kansu.

Tambaya: Malam, ina Azare, kwamfutata tsohuwa ce, kuma ba ni da kuɗin zuwa taro a waje. Ina da gurbi a irin wannan aiki?

Amsa: Kana da shi, ɗan'uwa. Google Colab da Kaggle suna ba da aron kwamfuta mai ƙarfi ta intanet kyauta, kodayake da iyakar lokaci, kuma sabbin maƙalu da yawa ana karanta su kyauta a shafin intanet na arXiv. Dandalin Zindi yana shirya gasa kan matsalolin Afirka, inda za ka iya haɗa kai da wasu ku shiga tare, sannan ana yin taron IndabaX, wato reshen taron Deep Learning Indaba, a cikin Najeriya. Ko da waya kaɗai gare ka, ka shiga Common Voice na Mozilla, dandalin tattara muryoyi domin koya wa na'ura jin magana, ka karanta jimlolin Hausa da muryarka, ka kuma saurari na wasu ka tabbatar da ingancinsu.