Na ƙara sabon faifai kwamfuta ta ƙi tashi, shin dole sai an yi fomatin?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ƙara wa kwamfutata ta tebur sabon faifan SSD irin na M.2, da na kunna ta sai ta tsaya da rubutun "Reboot and select proper boot device". Wani mai gyara ya ce Windows ta mutu, dole a yi wa tsohon faifan fomatin, alhali duk ayyukana da hotunan iyalina suna cikinsa. Shin sun salwanta ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, domin wannan saƙo bai ce an goge komai ba, abin da yake nufi shi ne kwamfutar ta nemi Windows a inda ba ta nan. Ka kashe ta, ka zare wayar wuta, ka cire sabon faifan, sannan ka kunna. Idan ta tashi, kayanka suna nan lafiya.

Daga nan ka mayar da sabon, ka riƙa danna Del ko F2 lokacin kunnawa har ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ke buɗewa kafin Windows ta tashi, ka duba ko sunan tsohon faifan ya bayyana. Idan ya bayyana, jerin tashi ne ya sauya, wato tsarin faifan da kwamfutar za ta fara neman Windows a ciki, sai ka ɗora Windows Boot Manager a sama, ka adana da F10. Idan bai bayyana ba, ko dai hannunka ya girgiza wayar SATA da ke haɗa tsohon faifan lokacin aikin, ko kuma madabod ɗinka (babban allon da ake haɗa komai a kansa) yana cikin waɗanda suke kashe wasu kafofin SATA da zarar an cika gurbin M.2. Littafin madabod ɗin zai nuna maka kafofin da abin ya shafa, maganin kuma mayar da wayar wata kafa ne kawai. Kada ka taɓa saitin AHCI da RAID, ko na UEFI da CSM, domin sauya na farko yana jawo allon kuskure mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, na biyu kuma yana iya ɓoye Windows daga jerin tashi.

Batun fomatin kuwa, wallahi ya ishe ni. Kullum sai na ci karo da mutumin da aka shafe masa aikin shekaru saboda matsalar da ba ta wuce ta saiti ba. Wasu masu gyara ba su san wani magani ba sai wannan, ba sa karanta saƙon da ke allo, ba sa leƙa BIOS, filashi kawai suke zarowa daga aljihu. Ko da fayilolin tashi ne suka lalace da gaske, suna zaune ne a wani ƙaramin ɓangare na daban, wanda Windows take ware masa kamar megabait 100, ana kuma sake gina su da kayan gyaran Windows, wato Startup Repair ko umarnin bcdboot, ba tare da an taɓa hotonka ko ɗaya ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne alkawarin da suke yi cewa za su dawo da komai daga baya. A faifai mai juyawa, sabuwar Windows tana hawa kan tsofaffin bayanai ta danne su, a SSD kuwa umarnin TRIM yana share su ta yadda da wuya a sake ganinsu. Kayan mutane amana ne, duk wanda ya goge su ba tare da ya kwafe ba ya ci wannan amana, ko da bai yi niyya ba.

Idan ka so ɗora Windows a sabon faifan, ka cire tsohon tukuna, domin shafin girkawa yana nuna su ne da Drive 0 da Drive 1, kuskuren zaɓi ɗaya kuma ya isa ya shafe komai. Idan BitLocker, manhajar Windows mai kulle faifai, ta nemi mabuɗi bayan waɗannan sauye-sauye, lambobi 48 ne, galibi suna cikin asusunka na Microsoft. Amma idan ka ji tsohon faifan yana ƙas-ƙas, ka kashe kwamfutar nan take, ka kai shi wurin ƙwararren mai ceto bayanai kafin a sake kunna shi.